Yanka bidiyo ba tare da sake matse shi ba: kundin aiki

2 ga Satumba

Fayilolin da ke gabana iri uku ne. Akwai na tsohuwar kyamarar hannu mai tsarin AVCHD, waɗanda sunansu ke ƙarewa da .MTS. Akwai na waya, wasu H.264 wasu HEVC. Sai ɗaukar fuskar kwamfuta da aka yi da manhajar OBS. Dukkansu laccoci ne da darussa da suka taru shekara da shekaru, kuma da wuya ka sami wanda babu tarkace a kansa da jelarsa: gwajin makirufo, jiran mutane su zauna, mintunan da aka manta kyamara a kunne bayan an tashi. Ina so in datse wannan tarkacen, in haɗe waɗanda suka rarrabu, komai ya koma MP4.

Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina, ba za a sake matse hoton ba. H.264 da HEVC matsi ne mai zubar da bayani. Abin da kyamara ta zubar ranar ɗauka ya tafi ke nan, idan aka warware aka sake matsewa kuma sai a ƙara zubar da wani a kan na farko. A ɗaukar da aka yi cikin zaure mai ƙarancin haske abin ya fi fitowa fili, bango ya koma dabbare-dabbare. Ga kuma lokaci. Wannan kwamfutar tawa sai ta ci kusan tsawon bidiyon kafin ta gama matse shi, alhali kwafe bayanan yadda suke saurin faifan ajiya kawai yake jira.

Tsadar wannan hanya a sarari take. Fayil ba zai ragu ba sai gwargwadon abin da aka yanke. Kyamarar tana rubuta megabit 17 a sakan, wato kimanin gigabait 7.6 a awa, kuma tunda ba zan taɓa fayilolin asali ba, ina bukatar kusan ninki biyu na wurin da suke ci yanzu. Na ware faifai guda don wannan. Kayan aiki: FFmpeg, wanda Fabrice Bellard ya fara a 2000 kuma manhajojin bidiyo da yawa a kansa suke tsaye, sai LosslessCut da MKVToolNix. Duka kyauta ne.

4 ga Satumba

Yankan farko, da wani darasi na OBS (`-ss` wurin farawa, `-to` wurin tsayawa, `-c copy` kuma a kwafe ba tare da matsewa ba):

`ffmpeg -ss 00:04:15 -to 01:02:00 -i darasi.mkv -c copy fita.mp4`

Kafin in gyara zama ya gama. A kwamfuta ya fara daidai inda na ce. Na zuba shi a filas na soka a talabijin, sai ga shi ya fara da sakan biyar na malamin yana laluben shafinsa, abin da na yanke. Fayil ɗaya, mafari biyu.

6 ga Satumba

Yau ban yanka komai ba, bin diddigin sakan biyar ɗin nan na yi.

Bidiyon da aka matse ba jerin cikakkun hotuna ba ne. Jefi-jefi ake ajiye cikakken hoto, firam na I, wanda zan riƙa kira mabuɗi. Abin da ke biye da shi bambanci ne kawai: firam na P yana dogara da abin da ya gabace shi, na B yana leƙa baya da gaba duka. Kamar mutum ne da ke ta cewa "kamar yadda na faɗa ɗazu", wanda ya shigo a tsakiya bai san ina aka dosa ba. Don haka muddin ba za a sake matsewa ba, dole bidiyo ya fara daga mabuɗi.

Na sa ffprobe, abokin FFmpeg mai duba bayanan fayil, ya lissafo mini su:

`ffprobe -v error -select_streams v:0 -skip_frame nokey -show_entries frame=pts_time -of csv=p=0 darasi.mkv`

Ga su nan: 241.67, 250.00, 258.33. Tazarar sakan 8.33. Dalili shi ne an bar saitin tazarar mabuɗi na OBS a kan sifili, x264 kuwa, wato manhajar da ke matse masa hoton, idan an bar shi da kansa yakan kai firam 250 kafin ya sa sabon mabuɗi, sai fa idan hoto ya sauya gaba ɗaya. Firam 250 a kan 30 a sakan shi ne 8.33. Ni kuma na nemi yanka a sakan na 255. FFmpeg ya koma baya zuwa 250, ya kwaso komai daga nan, sannan ya rubuta wani ɗan jadawali a cikin MP4 ɗin, wanda ake kira elst, mai cewa a ɓoye sakan biyar na farko. Manhajar da ke karanta jadawalin ta ɓoye, talabijin ɗin bai kula shi ba ya nuna komai. Ashe ba a yanke ba, lulluɓewa aka yi. Wannan abin lura ne ga duk wanda yake yankewa don kada a ga wani abu: yana nan a cikin fayil ɗin.

Na gwada mayar da -ss bayan -i. Nan kuma FFmpeg yana jefar da duk abin da ya zo kafin 255, hoto kuma ba zai fara ba sai mabuɗi na gaba a 258.33. Sakamakon: murya na tafiya sama da sakan uku, fuska baƙi ƙirin. An gudu ba a tsira ba.

Shawarar da na yanke: zan fara duba mabuɗai, in zaɓi wanda ya fi kusa, in yanka a kansa, in ƙara `-avoid_negative_ts make_zero` don lokaci ya fara daga sifili babu ɓoye-ɓoye. Abin da ke cikin fayil shi kowa zai gani.

9 ga Satumba

Darussan OBS da LosslessCut. Yana nuna mabuɗai a kan layin lokaci, ana tsalle daga wannan zuwa wancan da madannai. Ya fi kwafar lambobi da hannu nesa ba kusa ba. Aiki ya tafi lami lafiya.

10 ga Satumba

Haka dai. Jela ba ta da fitinar kai, ana iya datse ta kusan ko'ina. Illa dai wani lokaci firam biyu ko uku na ƙarshe su yi ɗan tsalle, saboda jerin da ake ajiye firam a fayil ba shi ne jerin da ake nuna su ba: P yakan riga B ɗin da za a nuna kafinsa shiga. Ina barin ɗan sarari bayan kalmar ƙarshe, shi ke nan.

13 ga Satumba

Na shiga fayilolin kyamara. Lacca ɗaya takan zo gida uku ko huɗu, domin katin memori na tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, wannan kyamarar ma tun wajen gigabait 2 take datsewa ta buɗe sabo. Da na haɗa su ta hanyar da aka saba, wato jera sunayensu a takarda a ba FFmpeg da `-f concat`, sai ga ɗan ƙis a sauti a kowace mahaɗa, har da yanke rabin kalma.

Abin da ya warware shi ya fi sauƙi. Kyamarar ba fayiloli daban-daban ta yi ba, dogon rubutu ɗaya ta yi ta gutsuttsura shi. MTS ɗan gidan MPEG-TS ne, bayanansa ƙananan ƙunshi ne a jere, bait 192 kowanne, kuma lambobin lokaci suna ci gaba daga wannan gutsure zuwa na gaba ba tare da komawa sifili ba. Guntun sautin da ya faro a ƙarshen na farko yana iya ƙarasawa a farkon na biyu. Idan aka buɗe kowanne shi kaɗai sai a jefar da guntayen nan. Manna su kai tsaye ya isa:

`cat 00012.MTS 00013.MTS 00014.MTS > lacca.mts`

A Windows `copy /b` ne. Na saurari mahaɗa da abin kunne, babu alamar ɗinki. Amma wannan dabarar ta gutsattsarin ɗauka guda ce kawai. Idan an tsayar da kyamara an sake kunnawa, ko fayil ɗin MP4 ne, ba ta aiki.

17 ga Satumba

Allura ta tono garma. Kwana biyun nan a kan abu ɗaya suka tafi.

Na yi murna da farko, domin kyamarar tana sa firam na I kusan kowane rabin sakan, ga wurin yanka ko'ina. Na yanka a kan ɗaya daidai. A kwamfuta lafiya lau. A talabijin kuwa sai farkon ya yi wani walƙiya mai toka-toka, fuskar mai magana ta tarwatse murabba'i-murabba'i, sannan ta daidaita. Ƙiftawar ido ne, amma da ka gan shi sau ɗaya ba ka daina ganinsa.

Ashe ba kowane firam na I ne ƙofa a rufe ba. A H.264 akwai wanda ake kira IDR, shi ne ke cewa a manta da duk abin da ya wuce, babu firam na gaba da zai waiwaya bayansa. Akwai kuma I na yau da kullum a cikin buɗaɗɗen rukuni (rukuni shi ne jerin firam daga wannan mabuɗi zuwa na gaba). Shi cikakken hoto ne, amma firam na B guda biyu da ke biye da shi a fayil, waɗanda a nuni su ke rigansa fitowa, suna jingine da rukunin da ya gabata. Na yanke wancan rukunin, su kuma suna nan suna neman abin da babu. Manhajar kwamfuta ta gane ta tsallake su shiru, na'urar talabijin ta yi ƙoƙarin zana su da abin da ta samu a ƙwaƙwalwarta.

Masu ƙera kyamara ba da gangan suka yi don su wahalar da mai yanka ba. Buɗaɗɗen rukuni yana rage ɓarnar bit, kuma kyamara don ɗauka aka yi ta. Ni dai ne na zo da bukatar da ba a tsara da ita ba.

Na gwada mkvmerge na MKVToolNix da `--split parts:`. Shi ma a kan mabuɗi yake yanka, kuma firam biyun nan ba su fasa zama marayu ba. Hanyoyin da suka rage: in nemo IDR na gaskiya, waɗanda a fayilolin nan ba su da yawa, ko in haƙura da walƙiyar, ko in bar jadawalin elst ya ɓoye su ga manhajar da ke girmama shi. Ga kwafin ajiya na zaɓi in yanka da wuri, sakan ɗaya ko biyu kafin a fara magana, yadda ko walƙiyar ta fito a kan shiru za ta faɗa, ba a kan kalmar farko ba. Ba gyara ba ne, kaucewa ce, amma hoton bai rasa ko bit ɗaya ba.

19 ga Satumba

Sautin kyamarar AC-3 ne. MP4 yana karɓarsa, amma burawza da yawa ba sa kunna shi, sai hoto ya yi ta motsi babu murya. A nan na sassauta: hoto a kwafe, sauti a mayar AAC da `-c:v copy -c:a aac -b:a 192k`. Muryar mutum ɗaya ce a zaure, kunnena bai ji bambanci ba. Kwafin ajiya kuma na sa shi a MKV, wani mazubin bidiyo irin MP4, da sautinsa na asali.

Shi ma sauti ba a yanka shi ko'ina, gutsure-gutsure yake. Na AAC samfuri 1024 ne, wato milisakan 21.3 a kan kilohaz 48, na AC-3 kuma 1536, milisakan 32. Saboda haka yankan sauti da na hoto ba sa faɗuwa wuri ɗaya tsaf. A yanka ɗaya ba a ji. Damuwata ita ce fayil mai mahaɗa da yawa, inda 'yan kura-kuran nan za su iya taruwa har leɓe ya saɓa da murya. Zan riƙa duba ƙarshen duk wanda na cire masa tsakiya.

20 ga Satumba

Wata lacca da murya ke rigan baki tun daga ɗauka. `--sync` na mkvmerge ya jinkirta sautin da milisakan 200. Lambobin lokaci kawai ya taɓa.

24 ga Satumba

Na waya. Mabuɗi kusan kowane sakan, yanka ba wahala. Ƙananan abubuwa ne suka ci lokaci.

Wani an fara ɗaukarsa waya na kwance sannan aka miƙar, sai ya fito a karkace. Waya ba ta juya hoton kansa, alama take rubutawa a mazubi cewa a juya lokacin nunawa. Daga FFmpeg 6.0 akwai `-display_rotation`, ana sa shi kafin -i, ya sauya alamar a cikin sakan guda.

Waɗanda na bi da su ta MKV sannan na dawo da su MP4 sun fito da lambar hev1, na'urorin Apple kuma hvc1 suke nema ga HEVC. `-tag:v hvc1` ya gyara. Harafi huɗu ne a kan fayil, bidiyon bai canza ba.

Sai ranar ɗauka. Idan ba a ce `-map_metadata 0` ba, FFmpeg yana sauke ta, kuma ga tarin laccoci na shekaru ita ce kaɗai shaidar wace ta riga wace. Haka `-map 0`: in babu shi layin hoto ɗaya da na sauti ɗaya kawai yake ɗauka, darussan OBS kuwa wasunsu makirufo da sautin kwamfuta a layi daban-daban suke. Na mayar da biyun nan cikin kowane umarni, na kuma sake bi ta kan darussan da na riga na yanka.

27 ga Satumba

Taro ɗaya, rabi da waya rabi da kyamara. Duka H.264, duka 1920 da 1080, amma ba su haɗu ba. FFmpeg ya cika fuska da gargaɗin DTS, wato rikicewar lambobin lokaci, fayil ɗin da ya fito kuma daga mahaɗa hoto ya daskare. Sunan kodek da girman hoto ba su isa ba. Kowane bidiyo yana tafe da bayanan saitinsa, SPS da PPS, MP4 na yau da kullum kuma a kansa yake ajiye su don layin gaba ɗaya. Ga ma'aunin lokaci daban, ga na kyamara mai saƙaƙƙen layi ne na waya kuma ba haka ba, ga waya tana sauya yawan firam a sakan idan haske ya ragu. Na bar su fayil biyu, kashi na 1 da na 2.

Wani abu da na tsinta a cikin SPS: hoton 1080 a zahiri layi 1088 ake matsewa, domin H.264 da tubala masu layi 16 yake aiki, sai a rubuta cewa a ɓoye layi 8. Da matatar h264_metadata ana iya ƙara wannan adadi a rage gefen hoto ba tare da matsewa ba. Na gwada don sha'awa. Wata manhajar ta bi, wata ta yi biris. Ba zan dogara da shi ba.

2 ga Oktoba

Akwai darussa kaɗan da yanka a kan mabuɗi ba zai yi ba. A ɗaya, wani ya faɗi lambar wayarsa sakan biyu kafin malami ya fara, duka a cikin rukuni ɗaya mai sakan takwas. In na koma mabuɗin baya lambar ta shiga, in na tsallaka na gaba jimlar farko ta tafi.

Mafita ita ce a sake matse ɗan guntun da ke tsakanin wurin yanka da mabuɗi na gaba kawai, sauran awa guda a kwafe, a manna. LosslessCut yana da wannan, kuma shi da kansa ya rubuta cewa na gwaji ne. Na fi so in yi da hannu don in ga abin da ke faruwa. Na matse guntun da libx264, wato x264 a cikin FFmpeg, a kan ma'aunin inganci crf 16, na daidaita furofayil da mataki da tsarin launi da yawan firam da na asali kamar yadda ffprobe ya nuna. Na mayar da guntun da gangar jikin duka MPEG-TS, inda SPS da PPS ke tafiya a cikin layin hoton kansa, na haɗa, na zuba a MP4. Sautin ban raba shi biyu ba, na yanko shi ɗaya tun daga wurin yanka har ƙarshe na ɗora a kai.

Ga fayilolin OBS ya yi kyau, har a talabijin, domin x264 ne ya yi na asalin, saitin ya zo kusan ɗaya, kuma gangar jikin da IDR ta fara. Ga na kyamara kuwa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ƙa'idar H.264 ba ta yarda a sauya SPS ba sai a kan IDR, gangar jikin kuma da I na buɗaɗɗen rukuni ta fara, sai na'ura ta ci gaba da karanta hoton kyamara da saitin x264. Kore da shunayya kawai na gani. Na yini a kai na bari. Idan aka zo ga fayil ɗin kyamara da dole sai an yanka shi tsaf, zan matse shi gaba ɗaya a matsayin kwafin rabawa, na ajiya ya zauna yadda yake.

5 ga Oktoba

Ido ba shaida ba ne cewa hoto bai canza ba, don haka na auna. `-f framemd5` yana warware kowane firam ya ba shi lambar MD5, lambar shaida da ke sauyawa idan abin da ke ciki ya sauya. Na fitar da ta asali da ta yankakke na jera su. A na OBS da na waya lambobin sun dace ɗaya bayan ɗaya daga mabuɗin farko har ƙarshe. A na kyamara ma haka, ban da firam biyun nan na farko. A waɗanda na yi wa ɗinki, guntun farko ne kaɗai ya bambanta, kamar yadda ya kamata.

Awon yana da jinkiri tunda sai an warware bidiyon duka, don haka samfuri nake ɗauka daga kowane iri. Sauran kuma `ffmpeg -v error -i fayil -f null -` nake bi da su da dare, in bai ce komai ba na wuce.

7 ga Oktoba

Yanka, sa suna, kwafa. Na ƙara `-movflags +faststart` ga waɗanda za a ɗora a intanet, yana dawo da jadawalin moov farkon fayil don a fara kallo kafin saukewa ta ƙare.

11 ga Oktoba

Na OBS da na waya sun ƙare, na kyamara saura kusan kashi ɗaya cikin uku. Faifan ya kusa cika, sai na kwashe na rabawa zuwa wani wuri kafin in ci gaba.

Dogayen laccocin da na yi niyyar rarrabawa darasi-darasi na fasa. Kowane sabon yanka a fayil ɗin kyamara sabuwar walƙiya ce, don haka babi-babi zan sa musu a MKV, mai kallo ya yi tsalle zuwa inda yake so. Fassarar rubutu ma a layinta daban za ta shiga, SRT a MKV, mov_text a MP4, ba ƙonawa a kan hoto ba. Tambari da dusashewar farko da aka roƙe ni in sa ba za su yiwu ba sai da matsewa, na ce a bari sai kwafin rabawa.

Ɗauka ta gaba kuma na riga na sauya saitin OBS: mabuɗi kowane sakan 2, rubutu a MKV don kada ɗaukewar wuta ta tafi da fayil ɗin gaba ɗaya kamar yadda takan yi wa MP4 da ba a rufe ba. Fayil zai ɗan ƙara nauyi, zan auna nawa ne a darasin farko. Mako mai zuwa: ƙarasa na kyamara, rubuta babi na laccoci mafi tsawo, da gwada ko Avidemux, wata manhajar yanka bidiyo, yana sarrafa firam biyun nan na buɗaɗɗen rukuni ta wata hanya dabam.